Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa: A Riƙa Auna Intanet ɗin Da Ake Biya

Mai Girma Malam Umar Namadi,

Ranka ya daɗe, roƙo na zo da shi, kuma ba na sabuwar kwangila ba ne. Roƙona a kafa manhajar da za ta riƙa sa ido dare da rana kan lafiyar netwok ɗin ofisoshin gwamnati, a fara da sakatariyar jiha da ke Dutse.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa Galaxy ITT da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Kazaure, kafin ma gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006. An kashe kuɗi, an kafa turaku, an ja wayoyi. Amma har yau, a nan da sauran jihohi, jumlar da ta fi kowace saurin sallamar mai buƙata daga ofis ita ce "babu netwok, ka dawo gobe." Mutum ya taso daga Gwaram ko Miga, ya biya kuɗin mota, ya koma gida da wannan amsa. Shi bai san gaskiyarta ba, ma'aikacin da ya faɗa masa bai san musabbabin ba, sau da yawa shugaban ma'aikatar ma bai ji labari ba.

Aikin manhajar ba shi da wani sarƙaƙiya. Kwamfuta guda ake ajiyewa a ɗakin na'urori, ta riƙa taɓa kowace na'urar rarraba intanet duk bayan minti ɗaya ko biyar: kina nan? Data nawa ke bi ta kanki? Zafinki nawa? Batirin da ke riƙe da ke saura nawa? Ta rubuta amsa, ta zana ta a jadawali. Wadda ta yi shiru, nan take ta tura saƙo wayar injiniya. Zabbix da Nagios da LibreNMS duk suna yin wannan, kuma kyauta ake sauke su.

Daɗin abin yana cikin jadawalin. Idan layin ya faɗi ƙasa kullum a daidai lokacin da ake kashe janareta, to matsalar wuta ce, ba ta kamfanin intanet ba. Idan ginin gaba ɗaya ya yanke lokaci guda alhali akwai wuta, a duba ko masu aikin hanya ko magudanar ruwa sun tsinke wayar faiba. Idan sai hadari ya taso abin ke rikicewa, eriya ce a kan turke. Idan na'ura tana ɗaukar zafi a watan Afrilu tana kashe kanta da azahar, iyakwandishan ne ko ƙurar hunturu da ta toshe fankarta. Idan kuwa layin yana hawa har ya tsaya cak a megabit 20 alhali na 100 aka saya, ranka ya daɗe, wannan kuma magana ce ta Akanta Janar. Wani lokacin laifin ba na kowa ba ne a Jigawa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da dama suka tsaya a Najeriya. Mai jadawali zai gane da wuri cewa matsalar daga nesa take, ya daina kwance na'urorin da lafiyarsu ƙalau.

A matsayinka na akanta, ka fi ni sanin inda maganar ta dosa. Babu mai sayen gero a kasuwar Shuwarin da zai biya kafin a auna. Kamfani kan rubuta a yarjejeniya cewa sabis zai tsaya kashi 99 cikin 100. A wata mai kwana 30, wannan na nufin yankewar da ba ta wuce awa 7 da minti 12 ba. Idan ya sauka zuwa kashi 95, an yi awa 36 ke nan babu sabis. Wa ke ƙirga waɗannan awanni? Idan kamfanin ne kaɗai ke riƙe da lissafi, kuɗi za su fita cif-cif kowane wata. A ɗaura biyan kuɗi a kan alƙaluman gwamnati, abin da aka rasa a zaftare.

Akwai inda ake yin tuntuɓe. Kwamfutar da ke sa idon dole a ba ta sola da batirinta daban, da layin waya na tura saƙo wanda bai dogara da netwok ɗin da take gadi ba, in ba haka ba za ta mutu tare da shi. Kada kuma a saita ta tana kuka kan kowane ɗan motsi, domin injiniyan da wayarsa ke ƙara sau ɗari a dare zai kashe ta ya yi barcinsa. Sannan a faɗa wa ma'aikata ƙarara, a rubuce: lafiyar layi ake aunawa, ba karanta saƙonnin mutane ba. Idan aka bari ta zama kayan leƙen asiri, wani zai zare mata waya, kuma ba zan ga laifinsa sosai ba.

Masu aikin suna gida. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da cibiyar Kazaure suna yaye matasan da za su iya girka wannan manhaja su kula da ita. A ɗauke su aiki na dindindin, a yi musu karɓa-karɓa, maimakon a kawo ɗan kwangila daga Legas ya girka ya tafi da lambar sirri a aljihunsa.

In an ga amfaninta a sakatariya, sai a miƙa zuwa manyan asibitocin Dutse da Birnin Kudu da Jahun, da ofisoshin ƙananan hukumomi 27. Rahoton kowane wata kada ya wuce shafi ɗaya: wane ofis, awa nawa ya yi babu sabis, me ya jawo, wa ya gyara. Kwafi ɗaya ya zo teburinka, ɗaya a liƙa a allon sanarwa na ofishin.

Wassalam.

Naka,
Wani mai sana'ar haɗa kwamfutoci, Dutse