Dokar farauta ta shahi manomi

Ƴan'uwa manoma, an gama girbi, an ɗaure dammuna, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari ke ɗaukar gora da karnuka su nuhi daji. Yanzu ne kuma ake yawan rigima da ma'aikatan gandun daji. Wasu na cewa: naman daji na Allah ne, mi ya kai gomnati ciki? Ni malamin gona ne, ba mahalbi ba, amma maganar ta shahi gona, shi ya sa zan sa baki.

Ruhe daji ba gomnati ta fara shi ba. A Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, kowace shekara ana yin bukin buɗin daji. Sunan kaɗai ya isa shaida: abin da ake buɗewa, a ruhe yake. Kakanninmu ba su hita babbar farauta sai manya sun ba da izini, kuma mahalba na da sarkinsu mai tsawata masu. Sun san da damina zabuwar daji ke kwanci, fakara na jan ɗiyanta cikin ciyawa, namun daji da yawa na goyo. Wanda ya kashe uwa ɗaya a lokacin nan ya kashe gida guda. Manomi bai cin irin shuka. To, nama ma yana da iri.

Da bindigogi da motoci suka yi yawa, ga fari bisa fari, sai daji ya fara ƙarewa. Cikin shekarun 1970 gomnati ta hana farauta ko'ina cikin Nijar, aka daɗe hakanan kahin a sake buɗewa. Duk da haka mariri ya tahi. A shekarar 2000 masana suka tabbatar babu sauran mariri ko ɗaya cikin dajin duniya. Waɗanda aka saki a Cadi cikin 2016, daga gidajen kiwo na Abu Dabi aka kawo su. Raƙumin dawa ya kusa bin sawunsa: a 1996 saura 49 kaɗai, wajen Kure. Da aka tsare su, suka haihu suka wuce 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji, cikin ƙasar Dakoro, inda suka daɗe da ɓacewa.

Dokar farauta mai lamba 98-07 ta hito ranar 29 ga watan Afirilu 1998. Ta ce ba a farauta sai da takardar izini, wadda muke ce ma parmi. Akwai parmi na farautar gargajiya, akwai na masu farautar nishaɗi, akwai na masu bincike, akwai na masu kama dabba da rai don saidawa. Ministan da ke kula da namun daji shi ke aje ranar buɗewa da ranar ruhewa. Ko daji na buɗe, an hana farautar dare, an hana bin nama da mota ko babur, an hana guba, an hana kewaye nama da wuta ko raga ko rami. Akwai kuma dabbobin da ba a taɓa su ko da wace takarda: raƙumin dawa, giwa, jimina, da wasunsu. Parmin farauta daban, takardar riƙon bindiga daban. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, duk wanda aka gamu da shi cikin daji da bindiga babu takarda, maganarsa ta wuce ta zomo.

To mi ne ne ribar manomi? Ku buɗe cikin tuje ko zabon daji, ku duba: fara ce da ƙwari. Shamuwa da balbela, aikinsu kenan dukan wuni. Mujiya da dila da yanyawa da macizai, su ke rage mana ɓeraye. Tsohinmu ba su mance 1975 ba, lokacin da ɓeraye suka riƙa tone iri cikin rami, mutum ya shuka sau biyu, sau ukku. Ba farauta ce ta kawo wannan masifa ba, amma wanda ya ƙare da masu cin ɓera ya buɗe ma ɓera ƙofa. Maganin fara kuɗɗi ne, kuma ba kullum yake isowa ƙauye da wuri ba. Tuje bai tambayar ko dala.

Wadda ta hi ci mani rai ita ce wuta. Don zomo biyu da kurege, yara su cinna ma daji wuta, ta cinye ciyawar da shanun gari za su ci har bazara, ta ƙone ƙananan gawo da muka sha wuya muka bari cikin gonaki, ta bar ƙasa tsirara iskar hunturu na kwasa. Zomon nan ya yi tsada ƙwarai.

Saboda haka ina bayan doka. Amma ina da ƙorahi, kuma zan faɗe shi. Doka da Faransanci aka rubuta ta. Ranar buɗewa da ranar ruhewa suna hitowa cikin takardar da mutumin ƙauye bai taɓa gani. Ƙaƙa za a ci mutum tara bisa ranar da ba wanda ya gaya masa? Biron gandun daji kuma yana birni, kuɗɗin mota zuwa da dawowa na iya hin kuɗɗin naman da mahalbi zai samu.

Sannan talaka na da ido. Shekaru da dama mutanen arewacin Damagaram da na Tawa sun ga baƙi masu dukiya daga ƙasashen Larabawa, da jerin motoci da shahuna, suna bin tuje da barewa. In an kama yaro da fakara ɗaya aka bar waɗannan, wa zai yarda doka ta kowa ce? Abin da mota goma ke kwasa cikin mako, mahalban gari ba su kashe shi cikin shekara.

Ga abin da muke roƙo. Kowace shekara a kawo ma wannan rediyo ranakun buɗewa da ruhewa da sunayen dabbobin da aka hana, mu karanta su da Hausa, mu buga su cikin wannan jarida. Ma'aikacin gandun daji ya zo ranar kasuwa, ya zamna ƙofar mai gari tare da sarkin mahalba, ya yanka parmin gargajiya nan take, ya ba kowa rasi na kuɗɗin da ya biya. Ku kuma da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, in wani ya ce ku biya tara, ku nemi takarda mai hatimi, ku karanta abin da aka rubuta kahin ku sa hannu.