Kuɗin Karatun Yaro: Ina Hannun Uba Zai Tsaya?

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Amurka, inda gardama ta daɗe tana ci tsakanin iyaye da hukuma a kan tambaya guda: idan gwamnati ta danƙa kuɗin karatun yaro a hannun mahaifansa, me suke da ikon saye da su, me kuma aka hana su?

Tushen al'amarin a jihar Arizona yake. A shekara ta 2009 kotun ƙolin jihar ta soke wani tsari da gwamnati ke biya wa wasu yara kuɗin makarantu masu zaman kansu, domin tsarin mulkin jihar ya hana a tallafa wa irin waɗannan makarantu, har da na addini, da dukiyar baitulmali. Sai ƴan majalisa suka sake dabara a 2011: maimakon a ba makaranta, a buɗe wa yaro asusu, iyayensa su zaɓi inda za a kashe. Da farko naƙasassun yara kaɗai aka nufa. A 2022 gwamna Doug Ducey ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofar ga kowane ɗalibi na jihar. Ana zuba kashi 90 bisa 100 na abin da jihar za ta kashe wa yaron da yana makarantar gwamnati, wato kimanin dalar Amurka 7,000 a shekara ga yawancin yara, ana biya duk wata uku.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Uba ko uwa sukan sa hannu a yarjejeniya cewa yaron ba zai zauna a makarantar gwamnati ba, kuma za a koya masa karatu, nahawu, lissafi, kimiyya da ilimin zaman jama'a. An yarda a biya kuɗin makaranta, ko da ta addini ce, a sayi littattafai, a ɗauki malamin da zai ƙara wa yaro darasi, a biya kuɗin jarrabawa. Ba a yarda a ciro kuɗin a riƙe a hannu ba. Abin da ya rage yana nan a asusun, yaro na iya samunsa a gaba.

Duk da haka an samu masu tsallake shinge. A 2018 ofishin binciken kuɗi na jihar ya gano an kashe sama da dala 700,000 ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda, har da sayen kayan kwalliya da tufafin wasanni. A 2024 aka gurfanar da wasu tsofaffin ma'aikatan ilimi bisa zargin ƙirƙiro yaran da ba su wanzu ba don su kwashe kuɗin.

Da aka ƙara tsanani, sai kukan ya koma wani ɓangare. A 2024 ɗin aka nemi iyaye su nuna manhajar da ta bukaci kowane ɗan kaya, ko da fensir ne ko littafin labari, har wasu iyaye mata biyu suka kai ƙara kotu. Dubban takardun neman a mayar da kuɗi suka taru, iyayen da suka biya daga aljihunsu suna jira makonni. A ƙarshen shekarar ma'aikatar ilimi ta ce duk sayayyar da ba ta wuce dala 2,000 ba a biya nan take, a bincika daga baya. A 2025 sai ga ƴan jarida sun tono cewa har zoben lu'ulu'u an saya ta wannan ƙofa.

Mu a ganinmu, ɓangarorin biyu kan manta da mai kuɗin. Kuɗin nan ba na uba ba ne, ba kuma na jami'in da ke duba takarda ba ne. Haƙƙin yaro ne da jama'a suka tara ta haraji, uba kuwa mai riƙon amana ne. Mai riƙon amana na gari ba ya jin an ci mutuncinsa don an ce ya kawo rasit. Sai dai ita ma hukuma tana da nata nauyin. Idan ta tsawaita jira, mai hali zai biya ya haƙura, talakan da ba shi da abin biya kafin a mayar masa shi ne ɗansa zai zauna ba littafi. Wake ɗaya na ɓata gari, amma ba a zubar da buhu saboda shi. Abin da ya dace shi ne jerin abin da aka halatta ya fito sarari kowa ya karanta, amsa ta zo da wuri, wanda ya ci amana kuma a hukunta shi shi kaɗai.

Darasin bai tsaya ga Arizona ba. Duk kuɗin da ya shigo gida da sunan karatun yaro, ko daga hukuma, ko daga kawunsa da ke ci-rani, ya riga ya samu mai shi tun kafin ya iso. Kafin mu taɓa shi don biki ko cefane, mu tambayi kanmu: in yaron ya girma ya nemi lissafi, me za mu nuna masa?

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Sai fitowa ta gaba.