Shanyewar ɓarin jiki: asfirin na tebur ba shi ne mafita ba

Da wuya ka sami ɗan kasuwa a Garwa, ko mai cin kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, wanda bai san wani dattijo da aka wayi gari bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa sun saki ba. Nan da nan sai a ce iska ce ko sammu. A gaskiya kuwa, yawanci matsalar daga cikin jini take.

A jinin ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu daskarar da jini, waɗanda takardar asibiti ke kira filaket. Ɓargo ne ke yin su, kuma ba su wuce kwana 7 zuwa 10 suke mutuwa a sake wasu. Su ne ke taruwa su toshe rauni idan wuƙa ta yanke ka. Amma idan shekaru suka ja, sai su ƙara danƙo. A shekarar 2024 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kuruz a Amurka sun nuna cewa tsofaffin ɓeraye na samar da wani nau'insu mai saurin cuɗewa. Idan kuma hawan jini, ciwon suga ko taba suka ƙwarzane jijiya ta ciki, sai ƙwayoyin su ɗauka rauni ne, su dunƙule su yi gudan jini. In gudan ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. In ƙananan jijiyoyi ne ke toshewa a hankali, sai mantuwa ta shigo, Alhaji ya kasa riƙe lissafin bashinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake shan asfirin barkatai, wai yana tsinka jini. Gaskiya ne yana hana waɗannan ƙwayoyi mannewa, kuma likita kan rubuta shi ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiya. To amma shanyewar jiki iri biyu ce: ta toshewa da ta fashewar jijiya. Wanda jijiyarsa ta fashe, asfirin ƙara masa zubar jini zai yi, kuma ba mai iya bambancewa sai da hoton kai a asibiti. Wani bincike da aka fitar a 2018, kan tsofaffi sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka, ya nuna cewa shan sa kullum bai ƙara wa masu lafiya kwana ba, sai dai ya ƙara zubar jini.

Don haka muna kira ga masu sayar da magani a tebur da su ji tsoron Allah, su daina ba tsofaffi wannan ƙwaya ba takardar likita. Duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna jininsa. In ya kai 140 bisa 90, ya ga likita. A rage gishiri da magi, a bar taba.

In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ba shi ko ruwa, a garzaya da shi asibiti a take. Shugabannin kasuwa su tanadi na'urar awon jini a ofisoshinsu, kuɗinta bai kai na shanyewar mutum ɗaya ba. Da lafiya ake neman kuɗi, jama'a.