Sharhi: Daga farar beya ta Atik zuwa dorinar Dadin Kowa

A shekarar 1973 ƙasashe biyar, wato Kanada da Denmak da Norwe da Amurka da Tarayyar Sobiyet, suka rattaba hannu a birnin Oslo kan yarjejeniyar kare farar dabbar beya mai zaune a yankin ƙanƙara na Atik. Abin da ke barazana gare ta a lokacin farauta ce, kuma yarjejeniyar ta taka wa mafarauta birki.

Yanzu matsalar ta sauya. A kan ƙanƙarar teku wannan dabba take kama abincinta, ƙanƙarar kuwa tana raguwa da fiye da kashi 10 cikin 100 a kowace shekara goma tun daga 1979, bisa awon watan Satumba. Shi ya sa Amurka ta sanya ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a 2008. Idan yunwa ta matsa mata, sai ta nufi gari. A Churchill da ke Kanada har gidan tsaro aka tanada, inda ake killace wadda ta shigo unguwa kafin a sake ta nesa da mutane.

Mutumin Gombe ba zai ji labarin baƙo ba. A madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, dorinai na fitowa da dare su cinye shinkafa da masara, suna kuma kife jiragen masunta. Tun 2006 ƙungiyar IUCN ta lasafta dorina cikin dabbobin da ke cikin haɗari. Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa sauyin yanayi laifin duka. Noman rani ya kai har bakin ruwa, ciyawar da dorina ke kiwo ta zama gona.

Haramta kisa kaɗai ba zai wadatar ba. Manomin da ya ci bashin taki, ya wayi gari gonarsa ta zama fili, ba wa'azin muhalli yake jira ba. Ana buƙatar keɓe makiyaya a gaɓar ruwa, da jami'ai masu kai ɗauki cikin hanzari irin na Churchill, da diyya mai isa hannun mai gona kafin damina. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ne wurin da ya kamata gwamnatin Gombe ta nemi kuɗin wannan aiki.