Doguwar tafiya a keke: Shiri ya fi tsadar keke muhimmanci

A shekarar 2001, lokacin da Cif Ojo Maduekwe yake ministan sufuri, ya riƙa hawa keke a titunan Abuja, har zuwa taron Majalisar Zartarwa ta Tarayya, domin ya jawo hankalin 'yan Najeriya ga wannan abin hawa. Ba a daɗe ba wata motar bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Jama'a suka yi dariya, aka mayar da batun abin barkwanci, aka wuce wurin. Darasin da ke cikin hatsarin ne aka bari a ƙasa: titunan ƙasar nan ba a gina su da mai keke a zuciya ba, don haka duk wanda zai hau su sai ya riga ya yi lissafi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya sake samun masu sauraro. A safiyar Asabar ana ganin gungun mahaya cikin riguna masu haske suna zagaya birnin, kuma a cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati da hadiman manya da suka fara tunanin abin da ya fi zagayen awa biyu, wato tafiyar kwana uku ko huɗu daga gari zuwa gari a lokacin hutun shekara. Tunani ne mai kyau. Sai dai da yawa suna fara shi ta wutsiya. Sukan fara da tambayar wane keke ne ya fi tsada da kyan gani, alhali tambayoyin da za su dawo da mutum gida lafiya su ne: wace hanya, wane wata, kilomita nawa a yini, ina za a kwana, kuma wa zai gyara keken idan ya lalace a ƙauye.

Dalilin yin tafiyar ba boyayye ba ne. Ma'aikacin da ke yini a kujera, daga taro zuwa taro, da wuya ya cika minti 150 zuwa 300 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu a mako, kuma shirin doguwar tafiya yana tilasta masa atisaye na watanni. Akwai kuma ribar da ta shafi aikinsa kai tsaye. Hadimin da ya san ƙasar ta bayan baƙin gilashi, cikin ayarin motoci masu jiniya, bai san ta ba. A gudun kilomita 15 cikin awa guda mutum yana ganin rufin makarantar firamare da iska ta kware, yana jin farashin doya daga bakin wadda ta noma ta, yana iya tsayawa a rijiyar burtsatsen da fayil ɗinta ya taɓa wucewa ta teburinsa ya ga ko tana ba da ruwa. Gani ya kori ji.

Hanya ce abu na farko, kuma a Najeriyar yau zaɓen hanya magana ce ta tsaro kafin ta zama ta yawon buɗe ido. Wanda ya san tarihin garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna ba ya buƙatar a gaya masa cewa kasancewar titi a taswirar waya ba izinin binsa ba ne. Ga mai farawa, hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya misali ce mai sauƙin lissafi: daga Abuja zuwa Keffi kimanin kilomita 50 ne, daga Keffi zuwa Akwanga ta Garaku kimanin 60, daga Akwanga zuwa Lafiya ta Nasarawa Eggon ma kimanin 60. Titin tagwaye ne, garuruwan ba su yi nisa da juna ba, kuma kowane zango yana da masauki da asibiti. Cunkoson Nyanya da Mararaba da Masaka kuwa bai cancanci a yi jarumta a cikinsa ba. Ba abin kunya ba ne a ɗora kekuna a mota a sauke su a Keffi.

Ko wannan hanyar ma ba ta da takardar lamuni. Labarin wata uku da suka wuce tsohon labari ne. A makon tafiya ake tambayar direbobin tasha, da jami'an kiyaye haɗurra, da mazauna garuruwan, domin matambayi ba ya ɓata. A tafi mutum uku zuwa biyar, yadda idan ɗaya ya faɗi wani zai tsaya da shi wani ya nemo taimako. Kafa tanti a daji, wanda mahayan Turai ke yi a ƙasashensu, ba na wannan yanayin ba ne. A kama ɗaki tun kafin a tashi, a shiga gari da sauran rana. Mutum ɗaya a gida ya riƙe jadawalin tafiyar, a riƙa kiransa a kowane zango, a kuma ajiye lambobin gaggawa 112 da 122 a waya. Hotuna su jira sai an dawo. Hadimin babban mutum da ke sanar da duniya a Facebook inda yake a kowace awa yana yi wa kansa talla ne a kasuwar da ba ya so a taya shi.

Bayan hanya sai lokaci. Daminar Abuja da kewayenta tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, da ruwan yamma mai zuwa ba sallama da santsin kwalta. Maris da farkon Afrilu zafi ne da ke iya kayar da ƙato. Nuwamba zuwa Janairu ne suka fi dacewa, amma hunturu ma yana da sharaɗinsa: iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wanda ya nufi can zai yini yana kokawa da ita, kuma hazo yana rage nisan da direba ke hango mai keke. A cikin yini kuwa, gari na wayewa ake kama hanya, a ci mafi yawan zangon kafin ƙarfe 11, a fake a inuwa har la'asar, a ƙarasa abin da ya rage kafin magariba. Kilomita 50 zuwa 70 a yini sun ishi mai farawa da ke ɗauke da kaya. Wanda ya ci 100 a ranar farko don burge abokai, a rana ta biyu zai gane cewa cinyoyi ba sa karɓar umarni daga sama.

Sai yanzu maganar keke ta zo, kuma ƙa'idarta guda ce: a sayi abin da mai gyaran keke na bakin kasuwar ƙauye zai iya gyarawa. Keken tsere mara nauyi, mai siririyar taya da jikin kabon, an yi shi ne don gudu a kan lafiyayyen titi ba tare da kaya ba. Idan ya tsage, babu mai walda da zai taɓa shi. Jikin ƙarfe ya fi nauyi, amma yana jure rami, yana ɗaukar kaya, kuma ana iya yi masa walda a kusan kowane gari. Magabata da suka yi fatauci a kan Raleigh, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Abin da waɗancan kekunan suka rasa shi ne giya, kuma a nan ne keken zamani ya fi su. Tsohon keken hawan tudu na gwanjo, mai jikin ƙarfe da taya mai inci 26, sau da yawa ya fi sabon keke mai ƙyalli amfani a irin wannan tafiya, domin tayarsa da tif ɗinsa ba su da wuyar samu a kasuwanni.

Wajen giya, yawanta ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko tana da mai laushin da za ta hau tudu da kaya. Tsaunukan Nasarawa Eggon za su yi wannan jarrabawar, kuma wanda ke mafarkin Jos wata rana ya tuna cewa daga Abuja zai hau sama da mita 700, Hawan Kibo na jiransa a hanya. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 50 ta fi dacewa da kwalta mai ramuka da gefen titi mai tsakuwa. Burki mai waya ya fi mai aiki da mai sauƙin sha'ani, domin idan waya ta tsinke ana sauya ta cikin mintuna, shi kuwa na mai sai ƙwararre da kayan aikinsa. Girman keken ya dace da tsayin mai shi, sirdin kuma a ɗaga shi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ne mafarin ciwon gwiwa, kuma sirdi mai taushi kamar katifa, wanda ke yaudarar mai saye a shago, shi ne ke goge fata bayan awa uku.

Kaya a kan keke suke tafiya, ba a bayan mutum ba. Jakar goyo tana tara gumi, tana gajiyar da kafaɗa, tana kuma ɗaga nauyi sama yadda keke zai riƙa tangaɗi. Kariya mai ƙarfi a baya da jakunkuna biyu masu daidaiton nauyi sun wadatar, kuma kilo 10 zuwa 12 ya ishi mai kwana a masauki. A cikinsu kada a rasa tif biyu, faci da sholisho, famfo, ƙananan sifanu, wayar burki, man sarƙa da 'yan wayoyin taya. Mallakar su ba ta da amfani ga wanda bai taɓa cire taya da hannunsa ba, don haka yinin Asabar guda a rumfar mai faci yana cikin guzuri.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne abin da ke kare rai. Hular kwano ta zama mai shaidar inganci irin EN 1078 ko CPSC, kuma wadda ta taɓa buguwa a hatsari ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, abin da ya sa sayen ta gwanjo kasada ce. Jar fitila a baya, fara a gaba, riga mai ɗaukar ido da madubi suna sa direban tirela ya ga mutum, shi ma ya ga tirelar. A bi hannun dama tare da motoci, a jere ɗaya bayan ɗaya, kunne a buɗe ba tare da abin sauraron waƙa ba.

Jiki ma yana da lissafinsa. A cikin zafi mahayi na iya buƙatar rabin lita zuwa lita guda na ruwa a kowace awa, kuma kowace lita kilo guda ce, don haka sanin inda za a sake cika gora yana cikin tsarin hanya. Gumi yana tafiya da gishiri, shi ya sa ƙullin gishiri da sukari na kemis ke da muhalli a jaka. Dabino, gyaɗa, ayaba da ƙuli-ƙuli sun fi kayan ƙarin kuzari na kanti araha, kuma a ci kaɗan-kaɗan kafin yunwa ta kama. Jiri, ciwon kai ko rikicewar magana alamu ne na a tsaya nan take a nemi inuwa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ya fara ganin likita. Daga nan a yi makonni shida zuwa takwas ana ƙara nisa sannu a hankali, a rufe da gwajin kwana biyu a jere da cikakken kaya, domin rana ta biyu ce ke faɗin gaskiya.

Masu ganin duk wannan tsari tsoro ne sukan kawo labarin Mamadou Safayou Barry, matashin ƙasar Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi Jami'ar Azhar da ke Masar. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Chadi, tafiyar kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Himmarsa abin yabo ce. Amma labarin yana da sauran: sau uku aka tsare shi a hanya, kuma daga Chadi taimakon jama'a ne ya saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira. Shi rashin kuɗin jirgi ne ya tilasta masa. Ma'aikacin da ke da iyali da ranar komawa ofis ba shi da wannan uzurin, kuma ba shi da hujjar dogara da sa'a.

Akwai kason da ya rage a wuyan hukuma, kuma da yawa daga masu sha'awar wannan tafiya su ne ke rubuta takardun da ake yanke shawara a kansu. Abuja tana da zauren tseren keke a babban filin wasa na ƙasa tun gasar wasannin Afirka ta 2003, kuma ana raya Ranar Keke ta Duniya a kowace 3 ga Yuni tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta a 2018. Duk da haka, mai keke daga Kubwa ko Lugbe har yau da motoci yake rabon titi. Kafaɗar titi mai faɗi da aka share daga yashi da tarkace ba ta kai gada tsada ba, kuma tana ceton mai keke, da mai tafiya a ƙasa, da direban da motarsa ta mutu. Jami'in da ya taɓa jin iskar tirela ta wuce shi da taku biyu a hanyar Garaku zai karanta wannan sashe na kwangilar titi da wani ido dabam.

Kafin a kai ga nan, wanda hutunsa ke tafe a Disamba ya fara da takarda da biro: zango uku, masauki uku, abokan tafiya, da sunan wanda za a kira a gida. Idan waɗannan suka kammala, kasuwar keke tana nan ba ta tashi ba.