Tattaki a Cikin Hunturu



Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba ya san yadda titi ke yin fayau da zarar Disamba ta kama. Dattawan nan da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, waɗanda ake gani suna zagaya Filin Sukuwa a Kano tun damina, sai ka neme su ka rasa. Daga masallaci sai cikin bargo. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Bari sanyin nan ya lafa tukuna."

To, ai a sanyin ne jiki ya fi buƙatar motsi. Idan gari ya yi sanyi, jijiyoyin jini kan tsuke don jiki ya riƙe ɗumi, shi ya sa awon hawan jini ke ɗagawa a wannan lokaci. Ga shi kuma lokacin ne ake kwankwaɗar shayi mai kauri da sukari, a yi zaman dirshan a bakin wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Wanda ya jingine takalminsa daga Disamba zuwa Fabrairu ya yi asarar wata uku cur, kuma da yawa ba sa komawa, don kafin su ankara zafin bazara ya kawo nasa uzurin.

Ban ce kowa ya faɗa cikin duhun asuba ba. Iskar hunturu na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma wannan ƙura ba ta yi wa mai asma daɗi. Mai sikila ma, sanyi na iya tayar masa da ciwo. Irin waɗannan, da tsofaffi, su mayar da tattakinsu hantsi ko bayan la'asar. Ranar da hazo ya yi kauri har jirage suka kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, a zagaya tsakar gida, ya wadatar. Uwargida kuwa, in unguwar ba nisa, ta bar mai adaidaita sahu ya wuce, ta taka da ƙafa.

Batun sutura, riguna biyu marasa nauyi sun fi jibgegiyar rigar sanyi guda, don bayan minti goma za ka fara gumi, sai ka cire ɗaya ka rataya a kafaɗa. A lalubo takunkumin nan da aka jefa a durowa tun bayan korona. A shafa man kaɗanya a dunduniya a sa safa, don mai kaushi ba ya nisa. A sha ruwa ko ba a jin ƙishirwa, iskar busasshiya ce.

Amma abin da na ga yana riƙe mutum shi ne abokin tafiya. Ƙararrawar waya kana iya kashe ta ka juya. Maƙwabcin da ya tsaya a ƙofar gidanka yana sallama, yana rawar ɗari, kunyarsa kaɗai za ta fito da kai.

In kun fita, ku sa fararen kaya, ku bi gefen da kuke fuskantar motoci masu tahowa, don a cikin hazo direba ba ya hango mutum sai ya zo dab da shi.