Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Haɗa Kwamfuta na Kura da Bunkure Kan Zaɓen Madabod

Zuwa ga malamai masu sana'ar haɗa kwamfuta da gyaranta a Kura, Bunkure, Garun Malam da Kadawa, tare da yaran da ke koyon aiki a hannunsu.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jawo hankali ga abu guda daga cikin kayan da ake harhaɗawa kafin kwamfutar tebur ta tashi, wato faffaɗan allon nan da masu sana'a ke kira madabod, wanda a kansa ake dasa furosesa, a soka ram, a jona ma'ajiyar bayanai da wayoyin wuta, kuma ta siraran layukan tagulla da ke jikinsa ne wuta da saƙonni ke kai-komo tsakanin sassan. Mutumin wannan yanki ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane matsayin wannan allo, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 yake ganin yadda ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya isa fadamar kowa, kuma ya san cewa kanal ba ya ƙara wa iri kyau, amma shi ke yanke iyakar gonar da za ta sha. Madabod ma ba ya ƙara wa kwamfuta sauri da kansa, sai dai shi ke ƙayyade irin furosesar da za ta hau, da yawan ram ɗin da za a iya ƙarawa baɗi, da tsawon shekarun da na'urar za ta yi kafin a jingine ta.

Masu kawo aiki a wannan yanki sanannu ne. Akwai mai shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo, da makarantar da ke horar da ɗalibai domin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da mai injin casar shinkafa a Kura da ke son lissafin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, da dillalin tumatir a Kwanar Gafan, da sakataren ƙungiyar manoma masu amfani da ruwa wanda ke riƙe da rajistar gonaki da ta kuɗin ruwa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke neman injin wasanni, kuma akasarinsu kuɗin girbi guda suka ware, wanda idan ya salwanta sai an jira wata kakar. Saboda haka tsarin zaɓe yana farawa ne daga tambayar aikin da za a yi, sannan a tsayar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafin na'ura, sannan a nemo allon da ya dace da ita. Kuskuren da ya yi yawa shi ne a juya wannan tsari, mai sana'a ya shiga kasuwar titin Beirut a Kano, ya ci karo da allo mai arha ya saya, daga baya ya shiga yawon neman abin da zai hau kansa, ya ƙare da kashe fiye da abin da ya yi zaton ya rage.

Abu na farko da ke ɗaure allo da furosesa shi ne soket, wato gurbin da furosesa ke zama a ciki, kuma kowane gurbi yana da zamaninsa. A ɓangaren Intel, LGA 1155 na 2011 yana ɗaukar furosesocin zubi na 2 da na 3, LGA 1150 na 2013 yana ɗaukar zubi na 4, LGA 1200 ya zo a 2020, LGA 1700 kuma ya fito a 2021 yana ɗaukar zubi na 12 zuwa na 14. Tarkon da ya fi kama sababbin hannu yana kan LGA 1151, domin suna ɗaya ne, yawan allurai ɗaya ne, furosesa kuma tana zama daram kamar an auna, amma allon da ke ɗauke da cifset H110 na zubi na 6 da na 7 ne, yayin da zubi na 8 da na 9 ke buƙatar H310 ko 'yan uwansa na jerin 300. Cifset shi ne ƙaramin guntun da ke kan allo wanda ke kula da ƙofofin USB da ma'ajiya da sauran hanyoyi, kuma sunansa ne ke bayyana ajin allon. A ɓangaren AMD, gurbin AM4 ya yi tsawon rai da ba a saba gani ba, tun daga Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin 5000, shi ya sa allo mai B450 ko A520 ko B550 ya zama zaɓi mai hankali ga mai ƙaramin ƙarfi. Duk da haka tsohon B450 ba zai tashi da Ryzen 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a cikin allo tana tada na'ura kafin Windows ya karɓa, kuma kowane kamfani yana wallafa jerin furosesocin da allonsa ke ɗauka, wanda duba shi a waya bai kai minti biyar ba.

Batun shekarun allo ya ƙara nauyi tun daga 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Windows 11 a hukumance yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke adana makullan sirri, tare da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, kuma ko a cikin wannan jeri an cire 2200G da 2400G. Ma'anar wannan ita ce alluna masu cifset H61 da H81 da suka cika kasuwa, waɗanda arharsu ke jan ido, suna bayan wannan layi. Ba a cewa haramun ne a haɗa na'ura a kansu, domin kwamfutar da aikinta buga wasiƙu ne ba tare da intanet ba za ta iya shekaru tana hidima, kuma Linux yana tafiya a kansu lami lafiya. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗora Windows 11 ta ɓarauniyar hanya, a miƙa wa mai injin shinkafa da zai riƙa shiga asusun bankinsa a kai, a bar shi da zaton ya sayi na zamani. Wanda ya san aibin haja ya yi shiru ya ci amana, ko da kuwa mai saye bai san tambayar da zai yi ba.

Ƙofar HDMI ko VGA da ke bayan allo tana yaudarar mutane da yawa, domin ba ita ke samar da hoto ba, hanya ce kawai da hoton da furosesa ta sarrafa ke bi ya fita. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da sashen hoto, a gurbin AM4 kuwa Ryzen mai harafin G, irin su 3200G da 5600G, shi ke da shi, kuma wanda ya yi kuskure a nan dole ya sayi katin hoto daban, ya ƙara kuɗi, ya ƙara cin wuta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ya kamata a yi taka-tsantsan da allunan nan masu suna X79 da X99 da ake haɗawa a Sin da tsofaffin cifset ana sayarwa tare da furosesar Xeon. Lambobinsu suna da daɗin faɗa, amma ba su da sashen hoto, furosesocinsu da yawa suna haura wat 100, alhali 5600G wat 65 ne da hotonsa da komai. A shagon da ke dogaro da farantin sola biyu da batir ɗaya, wannan bambanci shi ne tsakanin a rufe da la'asar da a kai isha ana aiki.

Inda ya fi cancanta a tsaya a yi nazari shi ne yanayin wurin da na'urar za ta zauna, domin kamfanonin da ke ƙera alluna ba su auna su da shagon kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. A gefen gurbin furosesa akwai jerin ƙananan baƙaƙen gutsattsari da 'yan dunƙulallun akwatina, waɗanda ake kira VRM, aikinsu shi ne sauke bolt 12 da ke fitowa daga akwatin wuta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha, kuma a wannan aiki suna ɗaukar zafi sosai. A allo mafi arha ana barin su tsirara, a wanda ya ɗan fi shi kuma ana kifa musu ƙarfen alminiyom mai tsaga-tsaga da ke kwashe zafin. Ƙaramar furosesa ba za ta wahalar da tsiraran ba, amma ɗora babbar furosesa a kan irin wannan allo kamar jona babban injin ban-ruwa ne da siririn tiyo: na'urar za ta riƙa rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ko ta mutu tsakiyar aiki, mai ita ya dawo yana zargin ƙwayar cuta. Ga kuma ƙura. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi hunturu guda kusa da injin casa ya ga yadda garin ƙaiƙayi da jar ƙasa ke daskarewa tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga, har a ɗago shi da yatsa falle guda, kuma idan damina ta sauka wannan ƙura tana shan raɓa ta fara cin ƙafafun sassa. Allon da ke da wurin jona fanka biyu ko uku ya fi wanda ke da fitilu masu launi, kuma ya kamata a saka wa mai saye sharaɗin kawo na'ura a hure ta sau biyu a shekara, bayan hunturu da kafin damina.

Sauran abubuwa ba su da wahala. Ram iri-iri ne, DDR3 da DDR4 da DDR5, tsagar kowanne a wurinta daban, kuma allunan LGA 1700 suna zuwa kashi biyu, masu DDR4 da masu DDR5, don haka a karanta kwali kafin a biya. Sanda biyu na gigabait 8 sun fi sanda ɗaya na 16 amfani, musamman ga furosesa mai sashen hoto. Gurbin M.2 na ƙaramar ma'ajiya mai sauri ya zama wajibi, girman microATX, santimita 24.4 kowane gefe, ya wadatar, ƙofar VGA kuma har yanzu tana da rana tun da yawancin allunan kallo na hannu ita suke amfani da ita.

Allunan da ake cirowa daga kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna da inganci, amma da yawansu ba su bi ma'aunin ATX da Intel ya fitar a 1995 ba. Maimakon babbar wayar wuta mai baki 24, wasu suna da baki 8 ko 6 na kamfanin kaɗai, ramukan kusoshi da wayoyin maɓallin kunnawa ma nasu daban ne. Irin wannan na'ura a saye ta ɗungurungum a bar ta cikin akwatinta ya fi alheri, domin ranar da akwatin wutarta ya mutu ba kowane shago ke da madadinsa ba.

Idan allo na hannu za a saya, to ido da haƙuri su ne jari. A fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, a ɗaga murfin gurbi, a karkata shi a hankali: alluran LGA suna kwance ne a jere kamar shuka a kan kunya, kuma wadda ta lanƙwashe tana ƙyalli daban da sauran. A AM4 alluran suna jikin furosesa ne, sai a duba can. A shafa kan kafasito, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, domin lafiyayye kansa a shafe yake, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a baki kuwa ya gama aiki. A juya bayan allo a nemi tabon ƙuna ko sabuwar dalma, alamar an taɓa gasa shi da iska mai zafi don ya tashi na 'yan kwanaki. A gwada kowane gurbin ram shi kaɗai, a soka filashi a kowace ƙofa, a canza ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo, sannan a bar na'ura tana aiki mai nauyi na awa guda kafin kuɗi ya bar aljihu. Ɗan kasuwar da ya ƙi a yi gwaji a gabansa ya riga ya ba da amsa.

Allo mai kyau ba ya tsira a hannun mugun akwatin wuta, kuma nan ne masu haɗawa suka fi matse kuɗi, alhali araha ba ta ado. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, da janareton da ke haki idan an tada injin niƙa, da tsawar farkon damina, duk ta wannan akwati suke bi su isa allo. Akwatin da aka ɗaga aka ji shi sakayau kamar fanko, ko me aka rubuta a jikinsa, bai cancanci a jona masa allon da aka sayo da kuɗin shinkafar wani ba. Rage darajar furosesa da mataki guda domin a sayi akwatin wuta na kirki da ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke, shawara ce da mai saye zai gode wa daga baya. Sabunta BIOS kuwa kada a kuskura a fara shi sai a kan UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe allo nan take.

Roƙon da ake yi ga iyayen gida a wannan sana'a shi ne su mayar da rubutu al'ada: a kan kowane rasit a sa cikakken sunan allo da lambarsa, da furosesa, da irin ram, a bayyana ko sabo ne ko na hannu, da ko yana ɗaukar Windows 11, a kuma manna kwafi a cikin murfin akwati domin mai gyaran da zai buɗe shi bayan shekara uku. Yaran shago ma a zaunar da su a koya musu karanta jerin furosesoci kafin a ba su sukundireba. Allah ya sanya albarka a sana'a, ya ba da damina da rani masu amfani.

Wassalam.